Numfashi da Wuta: Masu Farfaɗo da Gilashin Mutanen Da

A shekarar 2005, a ƙauyen Quarley da ke kudancin Ingila, wasu masu sana'ar gilashi su biyu, Mark Taylor da David Hill, suka kwaɓa laka suka gina tanderu irin na Rumawan da. Ba su da littafin da za su duba, don Rumawa ba su bar wa kowa bayanin yadda ake wannan gini ba. Abin da ke hannunsu bai wuce biyu ba: gindin tsofaffin tanderu da masu haƙar kayan tarihi suka tono a wurare daban-daban, da wani ɗan zane da ke jikin fitilar yumɓu ta ƙarni na 1 Miladiyya. Irin wannan fitila uku aka samu, ɗaya a Kuroshiya, ɗaya kusa da Ferrara a Italiya, ɗaya a Sulobeniya. Zanen ya nuna mutum zaune a bakin tanderu da bututu a bakinsa, ga abokin aikinsa a gefe. Iyakar abin da ya nuna ke nan.

Suka hura wuta da itace, babu gas babu lantarki, suka yi makonni suna iza ta dare da rana, zafinta ya haura digiri 1,000, suna zaune gabanta suna busa kofuna da kwalabe. Hatta tarkacen da ya zube ƙasa ba su share sun zubar ba. Ɗigon gilashi, da ɓaraguzan da ke fita daga bakin bututu, da lakar da ta ƙone har ta yi ƙyalli, duk an kwashe an kai wa masana, suka gwada su da abin da ake tonowa a kufan masana'antun Rumawa. Daga baya aka yi irin wannan gwaji a Velzeke ta Beljiyam da Villa Borg ta Jamus.

Wani zai ce me ya yi zafi haka, ga tambulan nan jibge a kowace kasuwa, da kuɗi kaɗan mutum zai sayi dozin. Amsar ita ce kofin da ke ajiye a gidan tarihi ya tsira, amma motsin hannun da ya yi shi ya tafi tare da mai hannun. Babu hanyar gano shi sai mutum ya zauna gaban wuta ya gwada, ya ɓata, ya sake gwadawa, har abin da ya fito daga bututunsa ya zo daidai da na da, ba a siffa kaɗai ba, har a tabo da karce.

Yashi da kanwa

Asalin gilashi yashi ne. Sai dai yashi tsantsa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da wutar itace ba ta iya kaiwa. Dabarar da mutanen da suka gano ita ce a gauraya shi da wani abu da zai karya masa taurin kai, ya narke a zafin da tanderun laka zai iya jurewa. Wannan abu ba baƙo ba ne ga Bahaushe: kanwa ce, 'yar'uwar wadda ake jefawa a miyar kuka ko a ba dabbobi su lasa. Rumawa suna samo tasu daga tafkunan Wadi Natrun a Masar. Bayan yashi da kanwa, na uku shi ne sinadarin farar ƙasa, wanda ke hana gilashi lalacewa in ya daɗe da ruwa. Sau da yawa ba a ma zuba shi da gangan, yana zuwa ne a cikin yashin bakin teku, daga ɓarɓashin bawon katantanwa da makamantanta. Yashin bakin kogin Belus, kusa da birnin Akka, ya yi suna a kan haka har marubucin Rumawa Pliny ya ambace shi.

Aikin ya kasu biyu tun wancan zamani. Akwai masu dafa ɗanyen gilashi a manyan tanderu a Masar da gaɓar Sham, tan-tan a zubi ɗaya. A Bet She'arim da ke yankin Galili har yau akwai wani falalen gilashi mai nauyin kusan tan 9, wanda dahuwarsa ba ta yi kyau ba aka bar shi a inda yake. Idan ya yi kyau, sai a farfasa shi gunduwa-gunduwa a loda a jiragen ruwa. Akwai kuma masu sayen gunduwar su sake narkar da ita su yi kwano da kwalba a garuruwansu. Fasasshen gilashi ma haja ne. Wani jirgi da ya nutse a Serçe Limanı, a gaɓar Turkiyya, wajen shekarar 1025, an same shi ɗauke da kimanin tan 3 na gunduwa da fasassun kaya, za a kai su a narkar.

Launi kuwa daga ƙarafa yake zuwa. Ɗan ƙarfen da ke cikin yashi shi ke ba gilashi koren nan mai ruwan shuɗi da ake gani a yawancin kayan Rumawa. Kobal yana ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe yana ba da shuɗi mai haske ko ja, manganis yana ba da shunayya, in kuma aka sa shi kaɗan sai ya wanke koren ya bar gilashi garau. Mai son kwaikwayon tsohon kaya dole ya fara daga nan, domin gilashin zamani ya cika tsabta. Sai ya koma yana ƙara masa abin da masana'antu suka yi shekaru suna ƙoƙarin cirewa.

A bakin tanderu

Kafin a gano busa, an shafe fiye da shekara dubu ana yin ƙananan kwalaben turare ta hanyar naɗa narkakken gilashi a jikin curin laka, in ya huce a ƙwaƙule lakar. Aiki ne mai cin lokaci, kayan kuma sai fada da gidajen masu hali. A ƙarni na 1 kafin Miladiyya wani a yankin Sham da Falasɗinu ya lura cewa gilashi mai zafi yana kumbura in aka hura masa iska. Shaida mafi tsufa an tono ta ne a tsohon Birnin Ƙudus, a wani juji na tsakiyar wannan ƙarni, inda aka sami guntayen bututun gilashi da aka toshe bakinsu aka hura. Ba a daɗe ba sana'ar ta bazu a daular Rum, farashi ya faɗi warwas. Marubuci Strabo ya ba da labarin cewa a birnin Rum ana iya sayen kofin gilashi da kwabon tagulla ɗaya.

Kayan aikin ba su canza sosai ba daga wancan lokaci zuwa yau. Ga bututun ƙarfe, wanda a yanzu tsawonsa kan haura mita ɗaya. Ga sandar ƙarfe marar rami. Ga falalen dutse ko na ƙarfe na mirginawa. Ga babban hantsaki mai dogayen baki biyu, da almakashi, da wani ludayin katako da kullum yake jiƙe cikin ruwa.

Mai busa yakan fara gasa bakin bututun har ya yi ja, don gilashi ba ya kama ƙarfe mai sanyi. Sai ya zura shi cikin kaskon da ke cikin tanderu, ya taɓa saman narkakken gilashin, ya murza. Abin da zai ɗebo curi ne mai launin garwashi, yana nauyi yana neman zubowa kamar zuma a jikin tsinke. Daga wannan lokaci hannunsa na hagu ba zai daina murza bututun ba har a gama aikin. In ya tsaya na ƙiftawar ido, curin zai karkata gefe ɗaya. Ya mirgina shi a kan falalen don ya daidaita, fatarsa kuma ta ɗan huce. Ya kai bututun baki ya yi huri ɗaya gajere, ya toshe ramin da babban yatsa. Iskar da ta maƙale a ciki zafi ne zai buɗa ta, sai ka ga ƙwai ya buɗe a tsakiyar curin shi kaɗai. Mutane da yawa suna zaton aikin na masu ƙarfin huhu ne, alhali hurin kaɗan ne. Abin da ake buƙata shi ne sanin inda ya fi zafi, don nan ne zai fi buɗewa.

In yana son kwalba mai dogon wuya, sai ya sunkuyar da bututun ƙasa ya kaɗa shi, nauyin gilashin ya ja kansa. In yana son gindi mai faɗi, sai ya ɗaga shi sama ya bar shi ya zauna. Ya matse wuya da hantsaki yana murzawa a kan hannun kujera. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan launin garwashin zai dushe, gilashin ya fara taurin kai, dole a mayar da shi bakin wuta. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, amma maƙeri yana da sauƙi, don ƙarfensa in ya huce jiransa yake yi. Gilashi in ya huce fiye da kima a kan bututu tsagewa yake ya faɗo.

Wurin da hankali ke tashi shi ne juyi. Bakin kofin yana manne da bututu, ga shi ana so a buɗa shi a gyara leɓensa. Sai yaron aiki ya kawo sandar nan da ɗan ɗigon gilashi a bakinta, a manna ta a tsakiyar gindin kofin. Maigidan ya ɗiga ruwa kaɗan a wuya, ya ƙwanƙwasa bututun sau ɗaya, kofin ya rabu da shi ya koma kan sanda. In mannin ya yi rauni, kofin ya tafi ƙasa. In ya yi ƙarfi da yawa, wajen cirewa zai tafi da gindin. Bayan an buɗa baki an gama, a ƙwanƙwasa sandar ita ma, kofin ya faɗa hannun mai jira, a ruga da shi ɗakin hucewa mai zafin kusan digiri 500, inda zai yi sa'o'i yana sanyi a hankali. Gilashin da aka bari ya huce a iska, waje ya riga ciki sanyi, ko bai fashe ranar ba zai fashe wata rana ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Wannan sanda tana barin tabo a gindi, ɗan zagaye mai kaushi. Wanda ya san sana'ar, da ya ɗauki tsohon kofi, gindin yake fara juyawa.

Masu karanta tabo

William Gudenrath na gidan tarihin gilashi da ke Corning, a jihar New York ta Amurka, ya yi shekaru da dama yana wannan karatu. Yakan ɗauki kayan da suka shekara ɗaruruwa ya duba ƙwayoyin iskar da suka maƙale a jikinsu. Ƙwayar da ta miƙe tana nuna inda aka ja gilashin, wadda ta karkace tana nuna inda aka murɗa shi. Ya duba sawun hantsaki, ya duba tabo nawa ne a gindi, ya duba ko leɓen an narkar da shi a wuta ne ko an fasa shi an goge. Sannan ya tafi tanderu ya gwada. In abin da ya yi ya yi kama da na asali amma tabonsa ya bambanta, to hanyar ba ita ba ce, sai a sake lale. A 2016 gidan tarihin ya fitar da sakamakon bincikensa a kan gilashin birnin Venis a intanet, da bidiyon kowane mataki, kyauta ga mai son gani.

Dalilin da ya sa ake buƙatar irin wannan wahala a kan Venis shi ne sirri. A 1291 hukumar birnin ta umarci a kwashe tanderun gilashi zuwa tsibirin Murano saboda tsoron gobara, kuma doka ta hana ƙwararru fita da sana'ar zuwa wata ƙasa. A can ne, a tsakiyar ƙarni na 15, Angelo Barovier ya shahara da gilashi garau wanda suke kira cristallo, da aka yi da dakakkun fararen duwatsun kogin Ticino da tatacciyar tokar tsirrai da ake kawowa daga Sham. A 1527 aka fito da salon saka fararen zaruruwa a cikin gilashi. Mafi ban mamaki a wannan salo shi ne wanda ake kira reticello: a busa ƙoƙo biyu, zaren ɗaya ya murɗa dama, na ɗayan ya murɗa hagu, a zura ɗaya cikin ɗaya a hura su haɗe. Zaruruwan su zama raga, kowane idon raga kuma da ƙwayar iska guda ɗaya a tsakiyarsa. Littafin da Antonio Neri ya buga a 1612 ya bayyana yadda ake haɗa gilashi da launukansa, amma bai koya wa kowa yadda ake sarrafa shi a kan bututu ba. Wannan ilimi daga uba zuwa ɗa yake tafiya, a cikin zafi da hayaƙi, da kallo da tsawa.

Shi ya sa da sana'ar ta durƙushe bayan faɗuwar jamhuriyar Venis a 1797, 'yan Murano da kansu sai da suka koma ɗalibai. Limamin coci Vincenzo Zanetti ya kafa gidan tarihin gilashi a tsibirin a 1861, aka tara tsofaffin kaya don masu sana'a su zo su gani su kwaikwaya. A wannan zamani ne Vincenzo Moretti ya sake gano yadda Rumawa ke yin kwanuka masu zanen furanni daga yankakkun sandunan gilashi masu launi. Murano ta yau, wadda masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa gare ta, a kan wannan kwaikwayo ta sake tsayawa da ƙafafunta.

Tulun da ya gagari gwanaye

Babu kayan gilashin da ya wahalar da masu kwaikwayo kamar Tulun Portland da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan. Tsawonsa bai wuce santimita 25 ba. An yi shi a farkon ƙarni na 1, shuɗi mai duhu har ya kusa zama baƙi, an lulluɓe shi da farin gilashi, sannan aka sassaƙe farin aka bar siffofin mutane da itatuwa. Inda mai sassaƙar ya so inuwa, sai ya kankare farin ya yi siriri har shuɗin ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashinsa.

Mai sana'ar tangaran Josiah Wedgwood ya yi kusan shekara huɗu yana gwaji kafin ya fitar da kwafinsa a 1790, shi ma da yumɓu ya yi, ba da gilashi ba. Ranar 7 ga Fabrairun 1845 wani matashi da ya sha ya bugu ya jefi akwatin tulun ya farfasa shi. Ma'aikacin gidan, John Doubleday, ya harhaɗa shi, amma ƙananan ɓaraguzai 37 suka rage bai sami gurbinsu ba. An sake kwance shi an ɗaura a ƙarshen shekarun 1940, sannan a 1988 zuwa 1989.

Matsalar yin sa da gilashi a ɓoye take. Shuɗi da fari kowanne da yadda yake tsukewa in yana hucewa. In ba su zo daidai ba, suna nan suna jan juna a cikin jikin tulun ko da ido bai gani, ranar da aka kankare wani wuri sai ya tsage. A yankin Stourbridge na Ingila, a masana'antar Philip Pargeter, an yi ta busa ana fasawa kafin a sami tulu mai rufi biyu da ya tsaya. John Northwood ya karɓe shi a 1873 ya yi shekara uku yana sassaƙa da ƙananan kayan ƙarfe, yana zuwa Landan yana duba na asali yana dawowa. Dab da gamawa tulun ya tsage. Ya ɗinke shi ya ƙarasa a 1876, kuma duk da tsagar, aikin ya buɗe wa garin sabuwar kasuwar gilashin sassaƙa. A 2012 aka sake yin wani a Stourbridge ɗin, Richard Golding ya busa, Terri Colledge ta sassaƙa. Binciken da aka yi wa na asali lokacin da yake a kwance ya sa masana da yawa sun karkata ga cewa an busa shuɗin ne aka tsoma shi cikin kaskon fari, sannan aka ci gaba da hurawa.

Akwai kuma Kofin Lycurgus na ƙarni na 4, a gida ɗaya da tulun. In haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, in ya ratsa shi ta baya sai ya koma ja. Sai a 1990, da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, aka ga dalili: ƙwayoyin zinariya da azurfa ne a cikin gilashin, ƙanana ƙwarai, faɗin kowace bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Wanda ya haɗa wannan gilashi bai san da ƙwayoyin ba. Ya dai san abin da ya zuba da yadda ya yi da wutarsa.

Fitilun Alƙahira

Masu karatu da suka ziyarci Masar wataƙila sun ga fitilun masallatan zamanin sarakunan Mamluk, masu faɗin baki da matsattsen wuya da 'yan kunnuwa na rataya. Na masallacin Sultan Hasan, wanda aka gina tsakanin 1356 da 1363, suna cikin mafi kyau. A wuyan da yawa daga cikinsu an rubuta farkon Ayar Haske ta cikin Suratun Nur, a jikinsu kuma sunan sarkin da ya sa aka yi. Rubutun ba fenti ba ne. Garin gilashi ne mai launi, ake kwaɓa shi a zana a jikin fitilar tana sanyi, tare da ruwan zinariya. Sannan a ɗumama ta a hankali, a sake manna ta a sanda, a zura ta cikin wuta ana murzawa har zanen ya narke ya kama. A wannan zafi ita ma fitilar laushi take yi. Aikin makonni na mai rubutu yana rataye a hannun mai murza sanda na 'yan mintoci.

Sana'ar ta ja baya a ƙarni na 15. Wanda ya dawo da ita idon duniya wani Bafaranshe ne mai gyaran kayan tarihi, Philippe-Joseph Brocard, wanda ya baje fitilunsa a babban bajekolin Faris na 1867. Sun yi kyau har wasu kan ruɗe su da na asali. A nan ne sana'ar kwaikwayo take da hatsari, domin tsakaninta da jabu taki ɗaya ne, kuma niyya ce ta raba su. Mai gaskiya yakan sa hannu a gindin kayansa ya sayar da shi a matsayin sabo, ga gidajen tarihi da makarantu da masu shirya fim. Maƙaryaci yakan jiƙa nasa a sinadari ya shafa masa ƙasa don ya yi kamar ya kwana dubu a kabari. Kuma mutumin da ya fi saurin kama maƙaryacin shi ne wanda ya taɓa busa irin kayan da hannunsa, don ya san tabon da ya kamata ya gani.

A yankin da aka haifi sana'ar, har yanzu tanderu na ci, amma da ƙyar. A birnin Al-Khalil na Falasɗinu, wanda Turawa ke kira Hebron, iyalai kaɗan ne suka rage suna narkar da tsofaffin kwalabe suna busa kofuna da tuluna masu shuɗi. A 2023 hukumar UNESCO ta sa busar gilashi ta gargajiyar Siriya cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa. Abin da ya fara rage musu kasuwa tun da daɗewa shi ne injin yin kwalba da Michael Owens ya ƙera a Amurka a 1903, yaƙi da tsadar makamashi kuma suka ƙarasa. Ko Murano, da duk sunanta, tanderu da dama sun mutu na ɗan lokaci sa'ad da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2021 da 2022, domin wutar gilashi ba a kashe ta da dare a kunna da safe.

Masaga

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a tarihin gilashi, ko da yake abin da aka sani a nan naɗi ne da ja, ba busa ba. A Igbo Olokun da ke Ile-Ife, haƙar da Abidemi Babatunde Babalola ya jagoranta ta fito da dubban duwatsun ado da kaskon narkarwa, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Gwajin sinadarai ya nuna haɗin gilashin ya bambanta da na Masar da na Turai, abin da ke nufin a nan aka dafa shi daga kayan ƙasar.

A Bida kuwa, unguwar Masaga har gobe tana aiki. Masagawa, waɗanda tarihinsu na baka ke cewa daga Masar kakanninsu suka taso, suna zama kewaye da murhun laka, yaro na jan zugazugi, kowa da sandar ƙarfensa. Mutum ya ɗebo narkakken gilashi ya naɗa a sanda ya zama dutsen wuya. In ƙarau ake so, sai ya buɗa ramin yana kaɗawa yana juyawa har zoben ya kai faɗin da hannu zai shiga, cikin ɗan lokaci kaɗan. Cikin masu binciken Turai, Leo Frobenius ya gan su a farkon ƙarni na 20, S. F. Nadel ya rubuta bayaninsu a littafinsa kan ƙasar Nupe da ya fito a 1942. A da suna dafa nasu ɗanyen gilashi, baƙi mai sheƙi, wanda suke kira bikini, daga yashi da kanwa, kanwar da fatake ke saukowa da ita daga Arewa. Da kwalaben Turawa suka cika kasuwa, narkar da kwalba ya fi sauƙi da araha, ga launuka iri-iri a shirye. Babu wanda ya yanke shawarar a daina bikini. An dai wayi gari shekaru sun shuɗe ba a dafa ba, masu sanin ma'aunin yashi da kanwa da yawan kwanakin wuta suna ta raguwa.

A 2019, da goyon bayan fadar Etsu Nupe da ƙoƙarin marubuciya Lesley Lababidi, Masagawa suka sake gina tanderun suka dafa bikini, suna dogaro da abin da dattawa suka tuna, aka kuma ɗauki aikin a fim. Irin aikin da aka yi a Quarley ne, sai dai su sun yi sa'a akwai sauran waɗanda suka ji daga bakin masu yi. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'o'in hannu. Wannan suna abin alfahari ne, amma ba ya sayen itace ko kanwa, ba ya kuma biyan yaron da zai yi shekaru yana jan zugazugi kafin a ba shi sanda. Abin da Corning ta yi wa gilashin Venis, wato ɗaukar kowane motsin hannu a bidiyo, mataki-mataki, da bayanin mai yi, bai fi ƙarfin jami'o'in da ke Minna da Lapai da Zariya ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana koyar da fasahar gilashi a matsayin fanni mai zaman kansa.